Kurtun Tawada a Kan Cikina

Tun da Allah ya yi wa Yaya Gwani Bukar rasuwa nake jin wata magana tana yawo a tsakaninku, kuma ba ta yi min daɗi ba. Ba a gabana kuke faɗa ba, tarbiyyarku ta wuce haka, amma katangun gidan nan na Mandawari ba su da kauri, ni kuma kunnena bai tsufa kamar gwiwata ba. Cewa kuke yi da an bi ta Baba Gwani, da tuni ubanku ya zama ƙasa. Cewa kuke yi ya so ya hana ni magani, ya kulle ƙofarsa ranar da zan tafi, ko addu'a ya ƙi yi min. Ƙofar kam ya kulle, da idonku kuka gani. Sai dai akwai abin da ba ku gani ba, domin shi da kansa ya ce kada in faɗa muddin yana raye. Yanzu ba ya raye, ni kuma ban san saura nawa ba, don haka ku zauna ku karanta.

Ciwon hanta na daɗe da shi a jikina ban sani ba. Yayarku Falmata ce, da ta fara aikin awon jini a asibiti, ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da allurarta kamar mai karɓar haraji, ta gano shi a jinina. Daga nan ta ɗora min shan magani da zuwa hoton ciki lokaci-lokaci. Ina zuwa ina mita, don ni ba na jin komai sai ɗan kasala, wanda kowane tsoho yake da irinsa. A wani zuwa irin wannan ne mai ɗaukar hoton ya daɗe yana goga abinsa a gefen damana, ya daina hirar da yake yi da ni, ya tashi ya kira wani. Kafin mako ya zagayo an ƙara wasu hotunan, an zaunar da ni gaban likita, aka ce akwai ƙari a hantata, girmansa kamar goro, kuma irin na daji ne. Na san na yi salati. Na kuma san na tsorata, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba.

Likitan mutum ne mai haƙuri, ɗan cikin gari, ya yi min bayani da Hausar da zan gane. Ya ce tiyata ba za ta yiwu ba, domin tsohon ciwon ya cinye hantar ta yi tabo, in aka yanke wani ɓangare abin da zai rage ba zai riƙe ni ba. Ya ce akwai ƙonawa da allura, amma ƙarin ya zauna a jikin wata babbar jijiya, allurar ba za ta yi aiki mai kyau a wurin ba. Abin da ya rage shi ne wani irin gashi da haske na musamman da ake yi a wata cibiya a Legas. Ba irin wanda aka saba ji ba ne, na zuwa kullum har wata da watanni. Wannan zama kaɗan ne, amma hasken mai ƙarfi ne ƙwarai, kuma saitinsa ake yi a kan ƙarin kawai. Injin yana zagaya mutum yana harba siraran haske ta kowane gefe, kowane ɗaya ba shi da ƙarfin yin ɓarna a hanyar da ya bi, sai inda suka haɗu duka. Ni yadda na fahimta shi ne kamar ranar suna a unguwa: kowa ta lungunsa yake fitowa, lungu ba ya cika, gidan sunan ne yake cika. Na faɗa wa likitan haka, ya yi dariya ya ce zai ari misalin.

Da muka dawo gida, maganar ta wuce ni da Falmata, domin a gidanmu babu abin da ake yankewa ba da sanin Yaya ba. Ku da kuka tashi kuka same shi da farin gemu ba ku san shi ne ya raine ni ba. Mahaifinmu ya rasu ban sauke ba, Yaya ne ya riƙe allona, shi ya aurar da ni, shi ya raɗa wa yawancinku suna. Tsawon rayuwata ban taɓa ce masa a'a ba. Aka taru a zaure bayan la'asar, shi a kan buzunsa, ni a gefe, Falmata a bakin ƙofar cikin gida, innarku Hajiya Amina tana bayan labule tana ji. Falmata ta yi bayani tsaf. Yaya ya saurara har ta gama, yana jan carbinsa, sannan ya dube ni, bai dube ta ba.

"Mamman, kai ma ka sani tun kakanninmu daji ba a taɓa shi da ƙarfe, ba a taɓa shi da wuta. Kana taɓa shi ya fantsama. Ni na ga gashin nan da idona, ba labari aka ba ni ba. Ba za ka je ba."

Kowa a wurin ya san abin da yake nufi. Matarsa Hajja Yagana ta yi fama da ciwon nono, ta ɓoye shi don kunya har ya fashe, sannan aka kai ta wani asibiti mai nisa aka yi ta gashi. Ta dawo fatar ƙirjinta ta yi baƙi, ba ta daɗe ba ta rasu. Yaya bai sake aure ba, bai kuma sake ambaton sunanta a gaban mutane ba. Falmata kuwa, kun san bakinta, irin nawa ne amma babu birki.

"Baba Gwani, ai Hajja ba gashi ne ya kashe ta ba, jinkiri ne. In muka zauna haka, shi ma Baba jinkirin za mu yi."

Gaskiya ta faɗa, amma ba haka ake faɗa wa mutumin da ya binne matarsa ba, kuma na gaya mata daga baya. Carbin Yaya ya tsaya a hannunsa. Sai innarku ta yi gyaran murya daga bayan labule.

"Yaya, a yi haƙuri, yarinya ce. Amma jikin na Malam ne, a ji ta bakinsa."

Ina so ku riƙe wannan da kyau, domin wasunku suna cewa Falmata ce ta tilasta min. Ba wanda ya tilasta min. Na roƙi a ba ni kwana biyu, na yi istihara, na yi tunanin ƙannenku da ba su gama makaranta ba, na yi tunanin cewa Allah da ya saukar da cutar shi ya sanar da mutane yadda ake saita hasken nan. Zuciyata ta natsu a kan tafiya. Na hau saman soro inda ɗakin karatun Yaya yake, na durƙusa, na ce masa zan je.

"Ka girma, Mamman," ya ce, ya juya ya ci gaba da rubutunsa.

Al'adar gidanmu kun san ta. Ko Wudil mutum zai je, sai ya durƙusa a zaure Yaya ya dafa kansa ya yi masa addu'a. Da safen da za mu tafi na tsaya a zauren da jakata, direba yana ta danna ham a bakin lungu, Yaya bai sauko ba. Wani daga cikinku ya hau ya dawo ya ce ƙofar a kulle take ta ciki. Na fita ba tare da hannunsa a kaina ba. Har muka wuce Ƙofar Nassarawa ina ta waiwaye, ciwon wannan ya fi min na hantar.

A Legas aka fara da awo. Aka kwantar da ni a kan wata katifa mai taushi, hannuwana a sama da kaina, aka tsotse iskar cikinta ta taurare ta ɗauki siffar bayana, don kullum in kwanta daidai yadda na kwanta a ranar farko. Aka ɗora wani ɗan abu a kan cikina wanda kyamara take kallo. Likitar wata Bayarbiya ce, 'yar gajeriya mai kaifin ido, Falmata tana fassara mana. Ta ce matsalar hanta ita ce ba ta zama wuri ɗaya. Duk numfashin da mutum ya ja sai ta sauka, duk wanda ya fitar sai ta hau, ƙarin kuma yana tafiya tare da ita. Don haka sai in shaƙi iska in riƙe, su harba hasken ina riƙe, in sauke su dakata, a sake, a sake, har a gama. Kuma ba riƙewar kaɗai ba, dole iskar da na shaƙa ta zama mudu ɗaya kowane lokaci, don ƙarin ya tsaya a inda suka auna shi.

Na yi murmushi a raina. Ni da na kwashe rayuwata ina tilawa, a ce numfashi ne zai gagare ni? Aka ce bismilla. Wani ma'aikaci yana ƙirge da Turanci ta lasifika, ni kaɗai a ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, inji a kaina. Na shaƙa da ƙarfi kamar mai shirin nutso, tari ya sarƙe ni. Na sake, wannan karon ya yi kaɗan. Na sake, ya yi yawa. Da na ji ƙirgen sai hankalina ya koma kan lambar, ƙirjina ya fara bugawa, iskar ta riƙa zurarewa ba da sanina ba. Aka yi ta yi har zufa ta jiƙa ni a cikin sanyin nan. Daga baya suka nuna min layin numfashina a jikin allon kwamfuta, ya yi hawa da sauka kamar rubutun yaron da aka fara ba alƙalami. Suka gwada wata ɗamara mai danne ciki ko za ta rage motsin, ba ta rage yadda ake so ba.

Likitar ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce in numfashin bai daidaita ba, sai sun faɗaɗa wurin da hasken zai ci don kada ƙarin ya kuɓuce, faɗaɗawar kuwa za ta taɓa hanta mai lafiya da gefen hanji, ni kuma ba ni da hantar da zan yi asara. A haka ba za ta yi min ba. Ta ce in koma gida in yi ta gwaji in dawo, amma kada in daɗe, ƙarin ba jira yake yi ba. Na dawo Kano kunya kamar in nutse. Na saɓa wa Yaya, na tafi babu albarkarsa, ga shi na dawo hannu rabbana, wai alaramma ya faɗi jarrabawar numfashi.

Falmata ta ɗauki abin da zafi. Safe da yamma sai ta kwantar da ni a tsakar ɗaki, ta kunna agogon wayarta, tana cewa, "Baba shaƙa, Baba riƙe, Baba saura kaɗan." Wani lokaci in kai, wani lokaci in kasa, kuma ita da kanta tana ganin cikina yau ya tashi sosai, gobe kaɗan. Tana fita wurin aiki sai in kwanta ina kallon rufi. Na fara saddaƙarwa. Yaya kuwa muna haɗuwa a sallah, in gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Innarku ce ta karya abin. Ita da ba ta hawa soron nan sai da akushi a hannu, ranar ta hau hannunta wayam. Ta ba ni labari daga baya. Ta ce ta gaishe shi, sannan ta ce:

"Yaya, an dawo da ƙaninka. Ba wai sun ƙi yi masa ba ne don ciwon ya yi nisa. Cewa suka yi ba shi da numfashi."

"Wa ba shi da numfashi?"

"Malam. Wai bai iya riƙewa ba."

"Mamman? Wanda na koyar? Su wa suka faɗa?"

"Mutanen Legas."

Matar nan ta san inda ta soka. Da hantsi, bayan masu ɗaukar karatu sun watse, sai ga saƙo wai Yaya yana kira. Na hau ina haki. Ya ce in rufe ƙofa in sa sakata. Ya sa na faɗa masa duk abin da aka yi min dalla-dalla, da yadda hanta take hawa da sauka, da ɗan abin da ake ɗorawa a ciki, da ƙirgen. Ya yi tambayoyi kamar mai bin mas'ala. Sannan ya nuna min tabarma.

"Kwanta yadda suka kwantar da kai. Yi in gani."

Na kwanta, na ɗaga hannuwa, na shaƙa, na fara ƙirge a zuci. Ban yi nisa ba ya yi tsaki.

"Dole su kore ka. Wannan ai haɗiyar iska kake yi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Tun yaushe makaranci yake shaƙar iska haka kawai? Aya ake shaƙa wa. Kai da ka san tsawon ayar, ƙirjinka ya san mudun da zai ɗiba, ba sai ka gaya masa ba. Wace aya ce Baba yake sa mu ɗauke a numfashi ɗaya, in ka yanke ka sha rankwashi?"

Na faɗa masa. Ku kuma ba zan faɗa muku ba, don na san halin mutanenmu. Gobe sai a ji an rubuta ta ana wankewa ana sayarwa wai maganin dajin hanta ne daga gidan Gwani. Ba magani ba ce a wannan wurin, mudu ce. Aya ce da na karanta tun ina yaro har ban san adadi ba, kuma kullum a wuri ɗaya nake jan numfashi kafin in shige ta, a wuri ɗaya nake waƙafi.

Yaya ya ce in karanta ta da murya, na karanta. Ya ce in sake, na sake. Sannan ya ce in ja numfashin kamar zan karanta, amma kada in buɗe baki, in bi ta a zuci da irin saurin da na saba, sai na kai waƙafin in sauke. Ya waiga yana neman abin da zai tsaya a madadin ɗan abin Legas, idonsa ya faɗa kan kurtun tawadarsa, ɗan ƙoƙon nan da yake tsoma alƙalami. Cike yake. Ya ɗora min shi a kan ciki, a kan farar taguwata. Ya kafa sandarsa a gefena ya sa babban yatsa a daidai inda bakin kurtun ya tsaya in na shaƙa. In kurtun bai kai yatsan ba ko ya wuce, a sake. In tawadar ta yi rawa ina riƙe, a sake. Shi kuma yana bin ayar da leɓensa don kada in yi masa satar sauri.

Ranar farko tari ya zo, kurtun ya kife, tawada ta wanke min ciki har wando. Ban san lokacin da dariya ta kama ni ba. Yaya bai ko murmusa ba.

"Ka ɓarar min da tawadar da na daka da hannuna. Sake."

Haka muka yi ta yi kullum da hantsi, lokacin kuna makaranta ko kasuwa, Falmata tana wurin aiki. Kalmarsa ɗaya ce, "Sake." Na koma ɗan yaron da yake gaban allo, da furfurata da komai. Innarku ita ke karɓar taguwoyin a ɓoye tana jiƙawa, tana mita ƙasa-ƙasa wai ita ba ta taɓa ganin maganin da yake cinye sabulu haka ba. A hankali kurtun ya fara zuwa daidai yatsan Yaya ba tare da na nema ba. Tawadar ta riƙa kwanciya lum tun daga farkon ayar har ƙarshenta. Abin mamaki, tsoron ma ya tafi, domin mai bin aya ba shi da sararin tunanin mutuwa, hankalinsa yana kan harafi na gaba. Wata rana yana gyara min kwanciya hannunsa ya sauka a kan haƙarƙarina, ya ji yadda na rame. Ya bar hannun a wurin ya daɗe, fuskarsa tana kallon taga.

Da ya ga abin ya zauna, sai na yi ta maza na tambaye shi ko yanzu ya yarda da tafiyar.

"Ban yarda ba, har gobe. Ina tsoron wutar nan, Mamman, ina tsoronta kamar me. Amma tun da ka ce sai ka je, ba zan bari ka je da rabin shiri ba. In ta cuce ka, kada ya zama don hannunta ya goce ne saboda kai ka motsa."

Sannan ya ɗaure ni da alkawari. Ya ce ya riga ya yi magana a gaban jama'a, akwai waɗanda suka zo neman shawararsa a kan irin wannan ya ce musu kada su je, ba zai yi baki biyu ba alhali zuciyarsa ba ta sauya ba. Ko kun ga daidai ne ko ba daidai ba, haka mutumin yake, ba ya nuna abin da bai ƙudurce ba. Jajibirin tafiya ta biyu, a saman soron nan, ya dafa kaina ya yi addu'ar da ta fi kowace tsawo a cikin waɗanda ya taɓa yi min, muryarsa tana karyewa. Washegari ƙofarsa tana kulle, kuka gani, kuka ƙara riƙe shi a rai.

A Legas aka sake kwantar da ni a katifar nan. Na roƙi Falmata ta ce wa ma'aikacin ya bar ƙirgen, ya ce min shaƙa kawai, sauran ni na sani. Na ja numfashin ayata na shiga. Na sauke, na sake, na sake. Da aka fito da ni na tarar da likitar da mutanenta sun taru a gaban allon suna nuna layin, ya miƙe kamar an ja shi da rula, kuma kowane ɗaya a kan ɗan'uwansa ya kwanta. Ta tambayi Falmata me aka yi min a gida. Falmata ta ɗaga wayarta tana washe baki. Falmata, 'yata, ki yafe min, na bar ki da wannan tsawon shekarun nan. Ƙoƙarinki ne ya gano ciwon, ke kika kai ni, ba wanda zai ƙwace miki wannan. Amma wayarki ba ta koya min komai ba sai faɗuwar gaba.

Gashin kansa ba shi da wani labari mai yawa. Ɗaki ne mai ƙofa mai kauri, kowa ya fita a bar ka kai kaɗai, injin yana zagaya ka yana ƙara a hankali. Babu zafi, babu wuta, babu abin da za ka ji ya taɓa ka. Aikina kawai in shaƙa, in bi ayata, in sauke. Akwai ranar da hankalina ya tafi gida ana tsaka da yi, iskar ta ɗan zurare, nan take injin ya tsaya da kansa, haka aka gina shi. Kafin ma'aikacin ya yi magana ta lasifika na riga na ji "Sake" a kunnena da muryar da na sani. Na sake. Bayan kowane zama sai kasala ta rufe ni, abinci ya fita raina, tashin zuciya ya dame ni, amma fatata ko duhu ba ta yi ba. Ina alfahari da kwanakin nan, ba na jin kunyar faɗa. Tsoho ne mai rabin hanta ya kwanta ƙarƙashin injin da bai san sunansa ba ya riƙe nasa ɓangaren aikin, su ma suka riƙe nasu.

Sakamako ba a take yake fitowa ba, sai da watanni suka shuɗe ana hoto ana jira. Yaya bai taɓa tambayata ba, sai dai in na zo gaishe shi ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa. Ranar da likitanmu na Kano ya ɗora sabon hoton kusa da tsohon, ya nuna min ƙarin ya daina shan jini, ya motse, sauran hantar kuma tana nan yadda take. Ya ce kada in ɗauka na rabu da asibiti, tsohon ciwon yana nan, magani da hoto sai abin da hali ya yi. Na ce na ji, kuma har yau ina zuwa, yanzu babu mita.

Mun iso gida ana kiran magariba. Ban samu hawa soro ba, a bakin masallacin ƙofar gida na tarar da Yaya yana gyara rawaninsa, mutane suna ta shiga. Na matsa kusa na faɗa masa a hankali abin da likita ya ce. Bai yi hamdala da ƙarfi ba, bai rungume ni ba. Tambaya ɗaya ya yi min.

"Ka yanke?"

"Sau ɗaya, Yaya. Na sake."

Ya gyaɗa kai. Aka ta da iƙama, sahu ya daidaita, kowa yana jiran ya wuce gaba kamar yadda yake yi tun kafin a haifi babbanku. Sai ya kama hannuna ya tura ni.

"Shiga, Mamman. Yau kai za ka ja."

Da yawanku kuna cikin sahun nan, kun ɗauka gwiwarsa ce ta matsa masa. Ban taɓa jan sallah Yaya yana bayana ba sai ranar. Na yi kabbara, na yi Fatiha lafiya, na ɗauko sura. Ni da na riƙe numfashi a ƙarƙashin inji ban girgiza ba, ina tsakiyar aya sai hawaye suka zubo, karatun ya ɓace min ɗungurungum. Na tsaya. Sai na ji muryarsa daga bayan kafaɗata ta dama, ita ma tana rawa, ya ɗauko min ayar daga inda na yanke. Na karɓa na ƙarasa.